Jan Kwabo a Rumfar Wendell

4 ga Agusta

Ƙanwata Darlene,

Bayan gaisuwa da fatan kuna lafiya ke da maigidanki Roy. Kin san kunnena da waya ba sa shiri, shi ya sa na ɗauki biro.

Asabar uku ke nan ina ganinki a kasuwar manoma, kina wuce rumfata kai a sunkuye. Jiya kuwa da idona na ga kin sayi tumatir wurin Pruitt. Pruitt fa! Mutumin da tumatirinsa ruwa ne zalla. In laifi na yi miki ki faɗa, ba na son wannan noƙe-noƙen.

Yayanki,
Wendell

7 ga Agusta

Yaya Wendell,

Gaisuwa mai yawa, ya gona, ya ƙafar taka?

Sau biyu ina yage takardar nan. Tun da aka rufe masana'antar su Roy a watan Maris muke cin abinci da katin tallafin gwamnati. A kanti ba mai ganewa, kati kati ne. Amma ka san tsarin kasuwarku: sai an je rumfar bakin ƙofa an goga katin, a ba mutum kwabban katako. Masu katin banki a ba su kore, mu a ba mu ja. Haka zan ratsa kasuwar da aka san ni tun ina yarinya, da jan abu a tafin hannu.

Duk da haka na daure na zo rumfarka a watan Yuni. Wata mata mai yara biyu tana gabana, ta sayi masara ta biya da ja. Tana juya baya ka ce wa na kusa da kai, "Ka gani ko? Ni na noma, ni na biya haraji, ni kuma na saya mata." Yaya, kai a ganinka raɗa ka yi. Har mai zuma da ke can ƙarshen layi sai da ya waiwayo. Ni kuwa nawa jajayen suna cikin aljihu, na dunƙule su har suka yi min shaida a hannu, na sulale.

Kunya nake ji, ba fushi ba. Don Allah kada maganar nan ta kai coci.

Ƙanwarka,
Darlene

11 ga Agusta

Darlene,

Gaisuwa. Na karanta, na zauna a bayan mota na daɗe ban tashi ba.

Wallahi ban san an ji ba. Wannan tarakta ta cinye min kunne ta bar min baki. Kuma ga abin da ban taɓa gaya wa kowa ba: in an tashi kasuwa na juye gwangwanina, ja ya fi kore yawa. Da ba don masu jan ba da tuni na sayar da gonar Baba. Ina ci da su ina zaginsu, tir da ni.

Jiya na duba ban gan ki ba. Ki daina zuwa wannan rumfar ƙofar ma gaba ɗaya. Duk Juma'a zan kawo muku kwando har gida, ba mai gani.

Wendell

14 ga Agusta

Yaya,

Na gode, amma ka riƙe kwandonka. Haba! Wato ka ɓoye ni kamar yadda na ɓoye kaina? So nake in tsaya a gabanka in miƙa abin da nake da shi, ka karɓa ka ce na gode, kamar yadda kake yi wa kowa.

Akwai kuma sauran magana. Matar nan mai yara biyu da ta sayi masararka, na san ta, sunanta Yesenia. Ranar farko da na tsaya a layin rumfar ƙofa na rasa yadda ake yi, ita ta nuna min, ita ta gaya min ja ba ya sayen dafaffen abinci kuma ba a ba da canji, don kada in ji kunya gaban mutane. Mun saba sosai. Kwanaki muna wucewa ta nuna ka da baki ta ce, "Kin san wancan tsohon? Ɗiyata har yau tana tambayata ko masarar da muka ci ta sata ce."

Yaya, ce mata na yi ban san ka ba. Kai da ka kai ni makaranta a kafaɗa. Tun ranar abinci ba ya min daɗi.

Ka yafe min.
Darlene

15 ga Agusta

Ƙanwata,

Gaisuwa. Babu abin yafewa, ni ma da ni ne ke, cewa zan yi ban san wancan tsohon ba.

Ran Asabar ki nuna min Yesenia, ni zan bar rumfa in taka in same ta, ita da yarinyar. Ki tsaya a gefena, in muryata ta tashi ki ja min hannun riga. In ta sake tambayarki ko ni wane ne, amsar tana wurinki. Duk wadda kika bayar zan ɗauka.

Ki gai da Roy.
Yayanki,
Wendell