Baba da Gem Ɗin da Ya Ƙwace

Zuwa ga Yayana,

Gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da maiɗakinka. Ya aiki, ya sanyin garin naku?

Na san shekara shida ke nan ba ka son a ɗauko maka zancen Baba, amma ka yi haƙuri ka karanta. Tun da ɓarin jikinsa ya shanye, keken ɗinkinsa na rufe da zane. Likita ta ce sai ya riƙa motsa yatsun dama, ta ba shi ƙwallon roba. Ya ce shi ba jariri ba ne, ya wurga ta ƙarƙashin gado.

Garin neman ƙwallon na ci karo da kwali. Gem ɗinka ne na wasa a talabijin, wanda ya ƙwace shekarar da ka faɗi jarrabawa, ya ce ya jefar. Ashe naɗe shi ya yi a ƙyalle, har da kaset ɗin jarumai huɗun nan masu neman dodo. Na hure kaset ɗin yadda kake yi, na jona da talabijin, sai ga kiɗan ya tashi. Na ajiye masa rimot a cinya na fice.

Da na leƙo, yana fama da wani jemage a cikin gem ɗin.

Ƙanwarka,
Auta

Yaya,

Ina gaisuwa, da fatan kun tashi lafiya. Shiru ba amsa, amma ban yi fushi ba.

Baba ya zama abin kallo. Kullum bayan karin kumallo yana gaban talabijin, ni ce mai karanta masa maganar mutanen ƙauyukan cikin gem ɗin. Gidan da aka shiga aka buɗe akwati, sai ya ce wannan ai sata ce, Allah ya kyauta, sannan ya kwashe. Babban yatsansa ya fara lanƙwasuwa.

Wasanka da ka ajiye yana nan, bai yarda a taɓa ba. Sabo ya fara, shi ya raɗa wa jaruman suna. Mai warkarwa Umma ce, ni ce mai baka. Mai takobi kuwa Dogo ya sa masa, sunan da ba mai kiranka da shi sai shi. Ko ƙwarzane Dogo ya samu, duk maganin jaka a kansa yake ƙarewa. Ni sau uku ina mutuwa ko kallona bai yi ba!

Yanzu mun maƙale a hasumiyar madubi, kwana tara muna zagaye wuri ɗaya. Jiya ya ce, kamar da bango yake magana, akwai wanda ya san hanyar nan.

Taka,
Auta

Yayana na kaina,

Gaisuwa da godiya. Wasiƙarka ta iso, da taswirar da ka zana.

Baba ya daɗe yana kallonta. Ya ce har yau rubutunka kamar tafiyar kaza, sannan ya nemi hankici, wai tabarau ne ya yi ƙura. Mun fita hasumiyar a ranar. Yanzu muna bakin ƙofar dodo, amma ya ajiye rimot, ya ce ba zai shiga ba sai mai gem ya zo.

Ya karɓi birona. Layin da ke ƙasa ya ci masa kusan rabin awa, kuma ya hana ni kama masa hannu. Kada ka yi dariya, nasa ya fi naka karkacewa.

Dogo, ni ma na yi kuskure. Taho gida.

Ka faɗo mana ranar, in gyara ɗakinka.

Ƙanwarka,
Auta