Tukwicin Faifan Linux

Katagum, 9 ga Afrilu, 2007

Ƙanwata Murja,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata ke da Baba da Inna kuna lafiya.

Wata biyu ke nan Baba bai aiko a kira ni ba. Da can ba a mako uku sai kwamfutar da na saya masa ta kamu da bairos, in bar aikin sakateriya in hau motar Azare in zo in wanke ta, shi kuma yana gefe yana gaya wa duk wanda ya shigo zaure, "Ɗan nan nawa ai injiniya ne." Yanzu shiru kake ji.

Jiya kuma direba Bunu ya ce ya ga Malam Jonah maƙwabcinmu a tasha da hular Baba a kansa, zannar nan mai ruwan ƙasa. Hular da na shekara uku ina yabawa ko a ce in ɗauka! Ki gaya mini abin da ke faruwa a gidan nan.

A gaida Inna.
Yayanki, Sha'aban

Azare, 12 ga Afrilu

Yaya Sha'aban,

Wa alaikumus salam. Kowa lafiya, kwamfuta ma lafiyarta ƙalau, shi ya sa ba a neme ka ba.

An cire mata tsohon tsari an sa wani, sunansa Linux. Mutane ne daga ƙasashe daban-daban suka haɗu suka yi shi, kowa na iya kwafa ya ba wani, har ya gyara in ya iya. Faifan ma kyauta suke aikowa ta gidan waya. Tun da aka sa, filashin kowa ya shiga ya fita ba ta ko yi tari ba. Tarihin zuri'armu da Baba ke rubutawa ya kai shafi ɗari da arba'in.

Maganar hula kuwa, ka san Baba. Da Malam Jonah ya miƙo ambulan ɗin faifan, Baba ya ce, "Kyauta ba ta shiga gidana ɗan aike ya koma hannu sake. Masu abin suna nesa, kai ne a gabana." Ya cire hular ya ba shi tukwici. Sau uku Malam Jonah yana cewa a bari, Baba ya rantse.

Ta yi masa kyau kuwa, ba don in ɓata maka rai ba.

Ka huta lafiya.
Murja

Katagum, 16 ga Afrilu

Murja,

Salamu alaikum. Na ga takardarki, har da tsokanar.

Wato malamin lissafi ne zai shigo gidan ubana ya taɓa abin da na saya da gumina, ba wanda ya ce a tambayi Sha'aban? Abin da aka raba kyauta wa za a kama in ya cinye littafin Baba? Ba ni da wata matsala da Malam Jonah, mutumin kirki ne, amma wallahi kishi nake ji, na faɗa. Duk lokacin da na tuna Baba na zaune kusa da shi yana sa masa albarka, abinci ba ya shiga.

Ranar Asabar ina tafe da faifaina. Zan goge abin nan in mayar da na da. Kada ki gaya wa Baba.

Wassalam.
Sha'aban

Azare, 18 ga Afrilu

Yaya,

Ina gaisuwa. Ka zauna kafin ka karanta.

Malam Jonah bai taɓa kwamfutar nan ba. Akwatinsa na gidan waya kawai ya ara mini. Ni na je kafe, shagon intanet, na cike takardar neman faifan, na jira mako shida. Ni na kwafe littafin Baba a filashi biyu, na sa faifan da hannuna. Kwana huɗu na yi ina fama da firinta kafin ta yarda ta buga. Na gaji ne da ganin aikina yana tsayawa ana jiran motar Katagum.

I, aikina. Wa kake zaton yake buga tarihin nan shekara biyu, Baba na faɗa? A shafi na casa'in da shida ya ce in rubuta, "Sha'aban, masanin kwamfuta." Na ɗaga yatsu ina jiran nawa, sai ya ce, "da ƙanwarsa." Haka na buga.

Ranar hular ina tsaye bakin ƙofa da tiren shayi. Kai kwana goma ka yi kana kishi har abinci ya ƙi shiga. Ni tun ina firamare nake yi, kuma ina cin tuwona.

In ka zo ka goge, ka san aikin wa ka goge.

Ƙanwarka, Murja

Katagum, 20 ga Afrilu

Murja,

Salamu alaikum. Na karanta sau uku, kunya ta kama ni. Faifaina na nan a aljihun tebur, ba zai zo Azare ba. Ki yafe mini.

Ki gaya wa Baba da bakinki, yau ɗin nan. Ba zai rasa abin da zai ba ki ba. Ki rubuto mini yadda kuka yi.

Yayanki, Sha'aban

Azare, 23 ga Afrilu

Yaya,

Gaisuwa da fatan alheri. Na gaya masa bayan La'asar, tun daga kafe har firinta. Ya daɗe yana kallona, ya yi murmushi, ya ce, "Ikon Allah! Ashe Sha'aban ya koya miki sosai. Allah Ya yi masa albarka."

To ga albarkarka nan na aiko maka ta hannun Bunu. Ka ba shi tukwici.

Mun shiga shafi na ɗari da arba'in da ɗaya.

Murja