Baƙin Diyya a Ummul Busur

Ummul Busur

Da sunan Allah mai rahama mai jinƙai.

Zuwa ga Yaya Ubaid, babban mai ɗaukar jakar manya a ƙasar sanyi. Gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da kwat ɗinka. Umma na gaishe ka. Ƴar'uwarmu Najiba da mijinta sun aiko da gaisuwa daga birni. Baffa Mahawish bai ce yana gaisuwa ba, amma na ga ya murza gashin baki da aka ambaci sunanka, sai ka lissafa ta a gaisuwa.

Bayan haka, ina labarin kwamitin nan naku na diyyar yaƙi? Tun kafin in sauke Alƙur'ani ake cewa ana kafa shi. Ga shi na sauke, har na fara mantawa, har yanzu ana kafawa. Ko masallacin Juma'a kuke ginawa da cokali ai da kun kai hasumiya.

Gida yana nan yadda ka bar shi, wato rabinsa. Umma na kwana a ɗakin da ya rage, tamfol ne rufinsa. Dabinan Abba na nan tsaye ba kawuna, kamar sandunan wutar lantarki, ƙarƙashinsu kuma nakiyoyin da sojojin ƙetaren kogi suka binne. Kwanan baya jakin ladan Abbud ya tsinke igiya ya shiga. Ba sai na gaya maka sauran ba.

Ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Baffa ya yanke hukunci, a matsayinsa na shugaban ƙauye kuma wan Abba, cewa in ba a cire nakiyoyin an rufa ɗakin kafin ruwan hunturu ba, Umma za ta koma birni wajen Najiba, a ɗakin da suke ajiye buhunan shinkafa. Umma kuwa kullum da hantsi tana zama ta fuskanci gonar, a wurin da aka ɗauko gawar Abba, kuma ni na san in aka ɗauke ta daga nan ba za ta ga wani hunturun ba. Saboda haka ka taɓa manyanka, in suna taɓuwa.

Ni ina nan lafiya, in ban da ladan da ya daina amsa sallamata saboda kwaɗon da ya tarar a takalminsa, kamar ni na halicci kwaɗi.

Ka huta lafiya. Ƙaninka da ya fi ka kyau,
Mizhir

*

Zuwa ga ƙanena Mizhir,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaida Umma gaisuwar ɗa mai neman albarka, ina gaida Baffa da dukkan dangi. Wasiƙarka ta iso, na kuma gane rubutunka bayan wahala.

Ka tambayi labarin kwamiti. Zan gaya maka, ko da yake ba na son tunawa. Wakilan ƙasashe sun daɗe suna jayayya kan wanda zai zauna a kan tebur, sai aka sayo tebur mai da'ira, suka koma jayayya kan wanda zai zauna kusa da ƙofa. Sun shafe mako suna muhawara ko itacen dabino dukiya ne ko ado ne na ƙasa, domin kowanne da ofishin da zai kula da shi, kowane ofishi kuma da ƙasar da ke son ɗanta ya shugabance shi. Lauyoyin waɗanda suka ƙone mana gida a ɗaki ɗaya suke cin abinci da namu, suna miƙa wa juna gishiri. Ni aikina in bi su da takardu, in yi murmushi.

Amma akwai labari. Kafin su tsara dokokinsu za su tura ƴan kaɗan su duba wasu ƙauyuka da idonsu. Abin da suka gani shi zai nuna inda za a fara cire nakiya da gyaran gidaje, da inda za a bari sai bayan shekaru. Na roƙi shugabata, wata dattijuwa mai suna Madam Hilda, har ta sa Ummul Busur a cikin tafiyar. Ni ba za a zo da ni ba, ban kai ba.

Ka karanta wa Baffa wannan da kyau: kada a share, kada a gyara, kada a ɓoye kowa. Su ga ɗakin Umma yadda yake. Su ga Kazim da dungulmin hannayensa. Waɗannan mutane ba su san abin da ba a nuna musu ba.

Ka rabu da takalmin ladan. Allah ya shirye ka.

Yayanka,
Ubaid

*

Ummul Busur

Yaya, sallama da gaisuwa. Umma na sa maka albarka.

Na karanta wa Baffa a zauren baƙi, gaban dattawa, da irin muryar da Malam ke karatun Idi. Da na kai wajen kada a share, sai ya ajiye finjalin gahawarsa.

Ya ce, "Mutanen ƙasashe za su taka ƙasar ubana, in tarbe su da kango? Yaron nan ya zauna da Turawa har ya manta waye kakansa. Mu mabarata ne?"

Dattawa suka ce a'a, mu ba mabarata ba ne. Shi ke nan an gama shawara.

Yaya, da ka ga Ummul Busur yanzu da ka yi amai. An shafe kowane bango da ke kallon hanya da farar ƙasa, har da ramukan harsashi an toshe da laka. An aro dardumomi daga ƙauyen surukan Baffa, an aro tukwanen gahawa na tagulla, har ɓaunayen kiwo aka aro aka ɗaure a bakin hanya, masu ƙiba, ba su san kowa a garin ba. An saƙa doguwar zana ta kara an gitta ta daga masallaci zuwa bakin kogi, duk unguwarmu da gonar Abba sun koma bayanta. Kazim kuwa an ce ya je ya gaida kawunsa a wani gari, kawun da bai taɓa nemansa ba tun da hannayen suka tafi. Da zai tafi, matarsa ce ta ɗaura masa rawani.

Ragon Umma, wanda take kira da suna, shi ma yana cikin waɗanda za a yanka. Ita da kanta ta ja shi ta kai.

Na ce wa Baffa ai waɗannan ba baƙi ba ne, masu duba ɓarna ne, kamar mai ɗori, ba a ɓoye masa karaya. Ya ce duk wanda ya sauka a zaurensa baƙo ne, kuma wanda sai an ja ƙafarsa yake sallar asuba ba shi zai koya masa mutunci ba. Daga nan ya naɗa ni mai zuba gahawa, don in kasance inda idonsa ke gani.

To, na karɓi muƙamin.

Naka,
Mizhir

*

Ummul Busur

Yaya Ubaid, gaisuwa irin ta kullum. Ka nemi wuri ka zauna.

Sun zo. Madam ɗinka, da wasu maza biyu masu jajayen wuya, da tafinta ɗan birni wanda turarensa ya riga shi shiga zaure. An buga bindiga sama don girmamawa, ɗayan mazan ya kusa komawa cikin mota. Suka zauna a kan dardumar aro, suka kalli bangon da aka shafe, suka yi ta gyaɗa kai.

Madam ta so ta fara tambaya tun kafin ta gama zama. Baffa ya ɗaga hannu, ya ce ba a magana da baƙo cikinsa wayam. Aka kawo tirori, shinkafa kamar tudu, raguna a kai, kifi gasasshe a gefe. Mutanen da suka yi wata suna cin gurasa da shayi suka tsaya a baya suna cewa ku ci, ku ƙara, kullum haka muke. Da aka wanke hannu ta samu ta tambayi me ƙauyen ya rasa a yaƙi. Baffa ya ce abin da Allah ya karɓa nasa ne, su kuwa ba sa neman komai a wajen kowa, ga shi idonta ya gani. Tafinta ya juya mata. Na ga ɗaya daga cikin mazan yana rubutawa yana murmushi, har ya duba agogo.

A nan na fara aikina. Ka san in baƙo ya ƙoshi da gahawa sai ya girgiza finjali kafin ya miƙo. Ita ba wanda ya gaya mata. Tana miƙowa ina cikawa, tana shanyewa don kada ta ɓata mana rai, ina cikawa. Baffa na harara ta, amma ba ya iya hana ni, ai karamci nake. Na bi da shayi. Ba a jima ba ta raɗa wa tafinta magana, fuskarsa ta nuna mini abin da ta ce. Na ce ai ni na san hanya, su biyo ni.

Na bi da su ta bayan masallaci, na ɗaga zanar nan inda na riga na kwance ɗaurinta, muka ɓulla unguwarmu.

Ta tsaya cak. Tafinta ya ce wannan ba hanyar bayan gida ba ce, na ce gaba kaɗan ne. Ta ga gidajen da suka zube, ta ga dabinan, ta ga jan ƙyallen da muka ɗaura inda ba a takawa. Ta ciro abin ɗaukar hoto ta shiga ɗauka. Raina ya yi fari, na ce yau na gama da Baffa.

Muka iso gida. Umma na tsugune gaban tanderu tana gasa wa baƙin gurasa. Ta miƙe, ta goge hannu a mayafi, ta yi wa Madam maraba kamar sun saba. Madam ta leƙa ɗakin, ta ga tamfol, ta ga katifa a ƙasa da hoton Abba a jikin bangon da ya tsage. Ta sa tafinta ya tambaya ko nan take kwana.

Umma ta kalle ni. Tun ina yaro ba ta taɓa yi mini irin wannan kallon ba.

Ta ce, "A'a, ƴata. Nan awaki muke ɗaurewa. Gidana yana can ciki, mai farin bango."

Madam ta nuna katifar. Umma ta ce ta mai kiwo ce.

Na ce, "Umma, don Allah."

Ta ce, "Mizhir, baƙuwa na tsaye. Kawo mata abin zama."

Na kawo. Ta zauna, Umma ta ba ta gurasa mai zafi, ta ci tana kallon ƙasa. Daga baya matar Kazim ce ta kai ta inda take nema tun farko.

Bayan tafiyarsu Baffa ya ce na tona asirin gari gaban duniya, ya hana ni taka zaure. Wannan bai dame ni ba. Abin da ya tsaya mini a wuya shi ne da yamma ana mayar da ɓaunayen aro, mutane suna ta taya juna murna wai an fita kunya.

Ka gaya mini abin da matar ta ce. Ai ta gani da idonta.

Mizhir

*

Ƙanena Mizhir,

Assalamu alaikum. Ina gaida Umma.

An karanta rahoton tafiyar. An yaba wa Ummul Busur a matsayin ƙauyen da ya farfaɗo da ƙoƙarin kansa, wani wakili har ya ce a buga hoton zauren Baffa a bangon littafin kwamiti. An sa mu a sahun ƙarshe. Madam Hilda ta tashi ta nuna hotunan gonar, ta yi magana har muryarta ta dishe. Lauyan ƙetaren kogi ya tambaye ta cikin ladabi ko akwai mai zama a wurin. Ta ce matar da ta tarar ta ce garken awaki ne. Ya gode mata ya zauna. Ni ina tsaye a bayansu da tulun ruwa.

Saura hanya ɗaya. Madam ta ce in Umma za ta faɗa da bakinta, gaban limami da wani shaida, cewa ɗakin nan gidanta ne kuma a cikinsa take kwana, za ta sake tayar da maganar kafin a rufe zama a ƙarshen wata. Magana ɗaya ce. Ka durƙusa mata, ka yi kuka in ya kama. Kada ka yi wasa a wannan.

Yayanka,
Ubaid

*

Ummul Busur

Yaya, sallama.

Na durƙusa, ban yi wasa ba. Ta saurare ni har na gama. Ta ce ita da bakinta ta gaya wa baƙuwar da ta ci gurasarta cewa nan garke ne, ba za ta aika mata yanzu cewa ƙarya ta yi ba.

Bayan la'asar ta naɗe katifarta, ta cire hoton Abba, ta kai su gidan matar Kazim. Ta dawo ta karɓo awakin ladan ta ɗaure su a ɗakin da hannunta.

Mijin Najiba zai zo da mota ranar Juma'a.

Ka gaida teburinku.

Mizhir