Ɗigo Uku a Kusurwar Waya

Litinin, 5 ga Agusta 2024
Awaki bakwai sun mutu a Yauri, na Hajiya Zuhra. Ta bi abin da ta karanta a dandalin intanet ɗin da na kafa wa ƙungiyar makiyayanmu. Baba Garba, tsohon malamin dabbobi, shi ya rubuta yadda ake ba da maganin tsutsar ciki. Ya sa mililita goma maimakon ɗaya. Na gyara saƙon yanzu. Kwanansa uku a haka.

Talata, 6 ga Agusta
Baba Garba ya zo gidanmu da hantsi, ko tabarma bai yarda ya hau ba.
"Najaha, 'yata, ina aikawa na ga kuskuren. Har la'asar ina neman inda ake gyarawa."
Da ya rasa, sai ya rubuta gyaran a ƙasa. Saƙonnin "Mun gode" talatin suka binne shi.
Na karɓi wayarsa, na taɓa ɗigo ukun da ke kusurwa. Ga wurin gyara, da Faransanci, ga bayanin taimako a ƙarƙashi. Na ce, "Ai yana nan, Baba."
Ya daɗe yana kallo. "Na ɗauka datti ne a gilashin."
Ni na ɓoye su a can, don shafin ya yi kyau. Amma ai duk dandali haka yake. Ko ba haka ba?

Laraba, 7 ga Agusta
An ɗauki hoton tsohon saƙon, yana yawo a Kurni. Hoto ba ya gyaruwa. Mutum arba'in da shida na kira, rezo, wato layin waya, yana ɗaukewa, ina ihu, "Ɗaya ne, ɗaya!" Goma sha ɗaya ba su ɗauka ba. Ya Allah, ka sa ba su ba da shi ba.

Alhamis, 8 ga Agusta
Tumaki biyu sun mutu a Kurni.

Asabar, 10 ga Agusta
An ce Baba Garba ya daina zama a ƙofar masallaci bayan salla. Shekara talatin yana yi wa dabbobin ƙasar nan allura.
Na fito da komai fili. Ƙarƙashin kowane saƙo yanzu akwai GYARA da Hausa, manyan baƙaƙe, kusa da shi TAIMAKO. Wanda aka gyara yana hawowa sama da jan layi. Shafin ya yi muni. Na miƙa wa innata wayar don gwaji, ta gano GYARA kafin in zauna. Sauya shafin aikin minti ashirin ne duka. Minti ashirin.

Lahadi, 11 ga Agusta
Taron ƙungiya. Sunan Baba Garba kawai ake kira, shi kuma kansa a ƙasa. Shugaba ya ce a hana shi rubutu. Sai na ji ni a tsaye. Ban tuna duk abin da na faɗa ba, na dai ce ni na ɓoye wurin gyaran, sai wata ta ce, "Ashe ke ce."
Gobe zan shiga motar Yauri. Ban san da me zan fara wa Hajiya ba.