Ƙanin Mijina Ya Ga Takardun Bankina

Anti Bilkis, don girman Allah ki taimake ni kafin hawan jini ya kwantar da ni. Da hannuna na jawo wa kaina, na sani, amma ki daure ki ji.

Ina da shagon atamfa da yadi a kasuwa, shekara bakwai ke nan. Bara wata makarantar kuɗi a Gabukka ta ce za ta ba ni kwangilar yadin kayan ɗalibai, amma sai na kawo takardar shaidar biyan haraji. Na je wurin wani akanta, ya faɗi kuɗin aikinsa, na ce wane ni! Sai na tuna ƙanin maigidana, Zulkifilu, ai sana'arsa ke nan. Na kwashi littattafan ciniki da takardun banki na shekara uku na zube masa. Ladansa kuwa kwano ɗaya na dambun nama.

Aiki kam ya yi shi tsaf, ban raina ba. Amma ranar da ya dawo da takardun, a ƙofar falo ya cire takalmi ya durƙusa har ƙasa ya gaishe ni. Daga ranar sunana ya tashi daga "matar Yaya" ya koma "Babban Banki".

Kin dai san wasan ƙanin miji, ba mai hana shi. Ranar sunan ƙanwarsu a Madaki, da hularsa ya kakkaɓe mini kujera a gaban dangi. Kowa ya kwashe da dariya, an ɗauka tsokanar da ya saba ce. Ni ma na yi dariyar, amma wallahi ta yaƙe ce.

Ga inda gizo ke saƙa. Maigidana, Baban Ihsan, malamin lissafi ne a sakandaren gwamnati. Kullum da safe zai ajiye kuɗin cefane a kan firji, ya gyara hula ya fita da alfaharinsa. Ni kuma in ninka su uku in shiga kasuwa. Har yabona yake yi wurin abokansa, wai matarsa ta iya tattali. Shagon nan a ganinsa abin hana zaman banza ne, alhali abin da nake samu ya ninka albashinsa nesa ba kusa ba. Ba kuɗina nake tsoron ya taɓa ba, mutumin nan bai taɓa roƙona ko sisi ba. Tsorona kada ya ji a bakin ƙaninsa, cikin dariya, a gaban mutane, girmansa ya zube.

Makon jiya kuma surukata ta kawo zancen kwanon ɗakinta da ke yoyo, kuma ni take kallo, ba maigidana ba. Zulkifilu ya faɗa mata ne, ko zargi ne ke cina? Shin akanta yana da hurumin yin haka? In ƙararsa zan kai, wurin wa? Yayansa?

Mai Atamfa, Kumbiya-Kumbiya

'Yar'uwa Mai Atamfa, kin ji abin da Hausawa ke nufi da araha ba ta ado.

Gaskiyarki a nan: abin da akanta ya gani a takardun mutum amana ce. Ba na uwarsa ba ne, ba na yayansa ba, kuma habaici ma tonon asiri ne ko da an lulluɓe shi da wasa. Sai dai ke ma kin rikita yaron. Kin ba shi aikin ofis, kin biya shi da ladan gida, shi ya sa bai san da wace hula zai tsaya a gabanki ba. Kuma har yanzu ba ki da shaidar ya faɗa. Kwano yana yoyo ko ba akanta a dangi.

Ki same shi a ofishinsa, ba a falonki ba. Ki biya shi cikakken kuɗin aikinsa, ki karɓi rasit da duk kwafin da ya rage a hannunsa ko a wayarsa. Ki gaya masa ya tsokane ki a kan girkinki ko tsawonki, amma wasa ya tsaya a bakin takardun nan. Baɗi ki nemi akantan da ba ya zuwa sunan gidanku.

Sannan ki zaunar da maigidan ki faɗa masa da bakinki, da ladabi, kafin wani ya riga ki. Ba na jin zai faɗi sumamme. Malamin lissafin da ya shekara bakwai yana ajiye kuɗin miyar kuka yana tarar da farfesun kaza, bai taɓa tambaya ba, ya daɗe da gama lissafinsa. Kina ta rufa masa asiri, shi ma naki yake rufawa.

Allah ya ƙara wa shago albarka, ya bar ku tare. Kwanon Inna kuma ki gyara, kina da hali.

Anti Bilkis