Cokalin da Ya Fi Bakina

Anti, don Allah ki taimake ni da shawara, domin abin da ke cina ko 'yar'uwata ban iya faɗa wa ba. Ban yi boko mai zurfi ba, ki yi haƙuri da rubutuna.

Maigidana ya rasu bara, Allah ya jiƙansa. Tela ne, mai son miya ta ji gishiri da dunƙule. Tun da aka ce yana da hawan jini bakina bai huta ba. In ya miƙa hannu zai ƙara gishiri in ce zai kashe kansa, in ya buɗe kifin gwangwani in ce so yake ya bar min marayu. Sai ya yi dariya ya kira ni Hajiya Kar-ka-ci. In na yi masa miya lami, ya tafi shago ya aika a sayo masa na waje, ya ɓoye kwanon ƙarƙashin keken ɗinki.

Da jikin ya matsa, likita ya tura mu wurin wata ma'aikaciya mai koya wa marasa lafiya yadda za su ci abinci. Ba ta kai ƙanwata ba a haihuwa. Ina zaune ta ɗauko ƙaramin cokali ta nuna masa iyakar gishirinsa na yini, ta ce har da wanda ke ɓoye cikin dunƙule da burodi da kayan gwangwani. Ta tambaye shi abin da ya fi so, ta ce zai ci, ga yadda za a dafa da albasa da tafarnuwa da lemon tsami, sannan ta ba shi cokalin. Shi ke nan fa, Anti! Mutumin da ya shekara da shekaru yana mayar da ni rediyo, ya dawo gida ya buga ƙusa a kicin ya rataye cokalin da kansa. Kowa ya zo shago sai ya ba shi labarin Malama Mai Cokali. Ko ranar da aka kwantar da shi a asibiti kwanciyar ƙarshe, ya ce a gaishe ta. Ni da na tsaya kan murhu ina auna masa, ban taɓa jin ya ce Kar-ka-ci ta yi gaskiya ba.

Matar nan ba ta yi min komai ba. Da ta ji rasuwar har gida ta zo. Amma in na ga cokalin sai zuciyata ta yi zafi, kuma na kasa cire shi, shi ya rataye.

Yanzu babban ɗanmu, wanda ya gaji shagon, an auna shi an ce shi ma jininsa ya hau. Hannun ubansa gare shi a gishiri. Ya ce, ni da na san hanya, in raka shi da matarsa wurin matar nan. Kullum sai in ce ƙafata ke ciwo, ko in ce ai cokalinta bai hana ubansa tafiya ba. Shi kuma ya samu hujja, ya daina maganar. Na koma yi masa faɗan da na yi wa uban, yana dariya irin ta uban. Tsoro nake in rasa shi, kuma ba na so in zauna ina kallo shi ma ya ji nata ya ƙi nawa. Yaya zan yi?

Uwar Tela

Uwar Tela, Allah ya jiƙan maigidanki, ya ba ki haƙurin rashi. Kishinki ba abin kunya ba ne. Yabon da kike jira ne aka binne mai ba ki shi bai furta ba.

Amma ki duba. Cokali ba ya dafa miya. Matar nan ta yi magana sau ɗaya, ke kika tsaya kan murhu safe da yamma. Mutumin da ya rataye cokali a kicin ɗinki ya san hannun wa zai ɗauka. Wannan ita ce amsarsa, irin ta mazan da bakinsu ke nauyi wurin cewa mace ta yi gaskiya. Lafiyar da ya samu bayan nan ku biyu kuka haɗu kuka ba shi, sauran kuwa kwana ne ya ƙare.

Ta ɗaya ɓangaren, ki yarda akwai abin koyo wurinta. Gaskiya ɗaya kuka faɗa, hanya ce ta bambanta. Ke kin nuna masa kabari, ita ta nuna masa kwano. Wanda aka yi ta tsorata shi da mutuwa yakan toshe kunne, ko ya koma ci a ɓoye. Wanda aka nuna wa inda haɗarin yake, da gwargwadon da zai ci, da abin da zai maye gurbi, yana da abin riƙewa.

Yanzu ga gaggawa. Hawan jini ba ya jiran zuciya ta huce. Ki kira ɗanki yau, ki janye maganar cewa cokalin bai yi amfani ba, domin da ita ya fake. Ki raka su a makon nan. Kada ki auna masa da awon ubansa, kowane jiki da nasa, kuma gyaran abinci ba ya maye maganin likita. A gida ki ajiye faɗa, ki koya wa surukarki miyar da ta sa tela ya daina ɓoye kwano. Wannan ba a koyar da shi a asibiti.

In ɗanki ya dawo yana yabon Malama Mai Cokali, ki bar shi ya yaba. Gara ki ji muryarsa yana yabon wata da ki rataye cokali na biyu kina kallo, shi ma ya bi ubansa. Allah ya ba shi lafiya, ya sanyaya miki zuciya.