Hular Malam Iliyasu Tana Jiranka Ranar Talata

Zuwa ga ɗana Nasiru, Dakta, mai gida a Summerfield.

Bayan sallama irin ta addinin Musulunci, ina gaishe ka da iyali. Ƙanwarka Hadiza ke rubutawa, ni ke faɗa, kuma na hana ta tausasa ko kalma guda. Za a karanta wa jama'armu bayan Juma'a, tunda a gabansu ka yi maganar.

An ce ka ce zaɓe ɓata lokaci ne, ranar Talatar da za a yi shi kana da aiki. Kai da ka ɗaga hannu ka yi rantsuwa suka ba ka takardar zama ɗan ƙasa! Ashe don fasfo kawai ka yi?

Ka san maƙwabcina na nan Glenwood, baƙar fatan nan ɗan asalin ƙasar nan, Ilaija, wanda nake kira Malam Iliyasu. Ko da yake ina za ka san shi, ba ka taɓa zama barandarsa ba. Da Turancin da na tsinta a fataucin goro muka yi shekara shida muna hira. Kakansa bawa ne. Shi kuma sau uku ya je rajistar zaɓe yana saurayi, Bature ya miƙa masa littafin doka ya ce karanta. Ya karanta tsaf. Aka ce bai yi ba. Sai da furfura ta fito masa aka canja doka, ya jefa ƙuri'arsa ta farko.

Duk ranar zaɓe kwat ɗin cocinsa yake sawa da baƙar hula. Wata shekara na bi shi a bas, na shiga layi, na miƙa wa matar teburin babban yatsana ta shafa tawada, yadda muke yi a gida. Ta duba takardunta, ta ba ni haƙuri, ba sunana. Iliyasu ya yi dariya har da hawaye, sannan ya ce, “Kai takarda ta kore ka, Alhaji. Ni fatata ce.”

Da azumin bara muka rasa shi. 'Yarsa ta kawo mini hular.

Kai kuma wa ya kore ka? Digiri uku gare ka, duk littafin da suka miƙo za ka karanta. Yankan ciyawar gidanka ne zai hana ka? Mutane sun sha kulki kan ƙuri'ar nan, an sakar musu karnuka, kai ka zo ka tarar an dafa an tsame, kana yatsina fuska.

Uwarka ma ta koma ga Allah ba ta taɓa riƙe ƙuri'a ba, don ba a ba matan Arewa ba sai bayan ranta. Takan tsaya a zaure in na dawo daga zaɓe, ta kama yatsana tana duba tawadar. Kana goye a bayanta, ba za ka tuna ba.

Ba na ce ka zaɓi wane ba. Ban san su ba, ba ruwana. Amma ranar Talata zan sa babbar rigata, in riƙe hular Iliyasu, in tsaya ƙofar wurin zaɓen da sunanka yake tun buɗewa har rufewa. Hadiza ta gano mini wurin. Ƙafata ta kumbura, sanyi ya shigo, zan tsaya. In ba ka zo ba, kada ka kawo mini gaisuwar Sallah.

Allah ya jiƙan uwarka, ya shirye ka, ya sa in hango motarka kafin azahar.

Ubanka,
Alhaji Ɗanladi